Baba Ƙugiya da Rijiyar da Aka Kulle

Duk wanda ya girma a unguwar nan ya taɓa shan faɗa a wurin Baba Ƙugiya, kuma kusan kullum laifin ɗaya ne: ya ajiye guga a ƙasa. Sunan daga sana'a ya samo shi. Mai yasar rijiya ne, shi ke shiga ya kwaso laka, in kuma igiya ta tsinke guga ya faɗa, shi ake kira ya zo da ƙugiyarsa mai baki huɗu ya lalubo shi. Da shekaru suka ja bayansa ya lanƙwashe, sai sunan ya ƙara zauna masa daram. Har matarsa, wadda kowa ke kira Inna, in ya ɓata mata rai da sunan take kiransa, amma a bayan idonsa.

Rijiyar tana wani ɗan fili tsakanin shagon tela da gidan burodi. Zurfinta gaba bakwai, an ɗaure ta da dutse tun daga ƙasa har baki, kuma ba wanda ya san wanda ya haƙa ta. Mahaifin Ƙugiya, da shi ma yasa ce sana'arsa, ya ce haka ya tarar da ita. Duwatsun bakinta igiya ta ci su, ta bar musu kwari-kwari, wani har yatsa uku yake haɗiyewa. Ƙugiya ya san su ɗaya bayan ɗaya. Ya san wanda mahaifiyarsa ta yi shekara da shekaru tana jan ruwa ta cikinsa, domin ita bahaguwa ce, nata ne kaɗai ya karkata hagu.

Dokokinsa ba su da yawa, amma ba ya ɗaga wa kowa ƙafa a kansu. Guga ɗaya ne ke shiga rijiyar, wanda ke rataye a gwafa, kowa ya zo da bokitinsa a juye masa. Ba a wanki a kusa, ba a hawa baki da takalmi. Sannan dole a ja ruwa kullum, ko da mai buƙata ko babu. Lokacin da aka kawo famfo unguwar, mutane suka watse suka bar ta kamar ba su taɓa saninta ba, shi kuwa ya ci gaba da fitowa kowace safiya yana jan guga talatin. Ya ba masu burodi, ya ba masu wanki, saura ya zuba wa bishiyoyin bakin titi. Aka yi ta cewa tsufa ya fara taɓa shi. Duk ranar da famfo ya ɗauke, ya yi sati yana fitar da iska, sai ka ga masu maganar sun dawo sun jera bokitai, kuma bai taɓa jin wanda ya ce masa "ashe kai ne da gaskiya" ba.

'Ya'yansa uku mata ne, duk suna gidajensu. Yaran da suka ɗan koyi aikin a hannunsa sun koma haƙar burtsatse. Akwai ɗan ƙanwarsa da ya so ya koya wa tun da daɗewa, amma uwar ta yi tsalle ta dire ta ce ita ɗanta ofis zai yi, ba zai ƙare a rami ba. Ofis ɗin kuwa ya yi, shekara talatin da biyar yana buga hatimi, har ya yi ritaya ya dawo unguwa da tumbi da tabarau da lokacin da bai san yadda zai yi da shi ba.

Ana haka wata baƙuwa mai nazarin tsofaffin gine-gine ta biyo ta wurin da kyamara. Ta durƙusa ta shafa kwarin igiyar nan, ta yi ta ɗaukar hoto, ta ce rijiyar nan ta girmi duk wani gini da ke kewaye da ita, a kula da ita. Iyakar abin da ta faɗa ke nan ta tafi. Kafin sati ya zagayo an kafa kwamitin adana rijiyar tarihi, ɗan ƙanwar Ƙugiya ya zama shugaba, tun daga ranar kuma ba a ƙara kiransa da wani suna ba sai Ciyaman. An sa tela a ciki, an sa magini, an sa mai walda, har da mai gidan burodi. Mutumin da ya yi shekara hamsin yana shiga cikinta ne kawai ba a tuna da shi ba.

Ƙugiya ya kwanta zazzaɓi na kwana huɗu. Ranar da ya samu ya fito, sai da ya tsaya ya duba ko ya yi ɓatan hanya. An kewaye filin da waya. An shafe bakin rijiyar da siminti sumul, kwarin igiya ko ɗaya babu, an bi da farin fenti. A sama an ɗora murfin ƙarfe, an datse da wani ƙaton kwaɗo. Gugansa kuwa an wanke shi an rataye a jikin wani allon sanarwa don masu kallo.

"Kawu, ka ga aiki ko?" in ji Ciyaman, yana murmushi har kunne.

"Ina kwarin igiya?"

"Ai sun yi muni a hoto, Kawu. Duk bakin ya zaizaye, shi ne magini ya gyara."

"Ita matar da ta zo, me ta durƙusa ta ɗauka? Fenti?"

Ciyaman ya gyara tabarau. "Wannan a da ne. Yanzu an shiga tsari."

"To ba ni makulli in ja ruwa."

"A'a, Kawu, ai ba a taɓa kayan tarihi. Kwamiti ya zartar."

Ƙugiya ya dube shi tun daga hula har takalmi. Ya ce, "Kai ɗan nan, rijiya ba kwanon ado ba ce da za a jera a kabad. In ba a ja ba ruwan kwanciya yake yi, laka ta zauna a kan idon da ruwa ke ɓuɓɓugowa, idon ya toshe. Ka rufe mata baki, ka hana ta iska, ka hana a ɗiba. Kashe ta kake yi."

"Za mu duba a zama na gaba," in ji Ciyaman, ya rubuta wani abu a ɗan littafinsa.

Zama na gaba ya zo ya wuce, abin da aka tattauna shi ne kalar da za a yi wa waya. Ƙugiya ya je gidan Ciyaman sau uku, ya tare tela a shago, ya bi magini har wurin aiki. Kowa sai ya ce masa, "Baba, ka huta mana, ai ka yi naka." Wannan kalma ta hutu ita ta fi ƙona masa rai. Da safe yakan tashi a lokacin da ya saba, ya ɗauki hularsa, sai ya tuna ba inda za shi, ya koma ya zauna yana tsaki. Inna ta gaji ta ce, "Malam, in tsaki na buɗe kwaɗo da tuni ka buɗe na duk unguwar. Ka bar ni in ji da aikina."

A cikin watan farko famfo ya ɗauke kwana tara. Mata suka zo da bokitai suka tsaya a bayan waya suna kallon murfi, ga ruwa gaba bakwai a ƙarƙashin ƙafarsu, sannan suka juya suka tafi neman 'yan ga-ruwa. Ciyaman ya ce wannan sadaukarwa ce da tarihi ba zai manta ba.

A wata na uku wari ya fara fitowa ta gefen murfin. Da farko tela ya ɗora laifin a kan kwata, mai burodi ya ɗora a kan tela. Da abin ya kai masu sayen burodi suna toshe hanci, sai ga duba-gari ta zo, wata mata mai kazar-kazar da jakar ƙananan kwalabe. Aka buɗe murfin, kowa ya ja da baya. Ta sa aka ɗebo, ruwan ya fito baƙi-baƙi da yauƙi. Ba ta yi faɗa ba, ta dai ce, "Nan da sati biyu zan dawo in ɗauki wani. In haka na tarar, cike ta za a yi da ƙasa a zuba kankare. Ba zan bar wannan a tsakiyar gidajen mutane ba."

Ƙugiya na tsaye a bayan waya ya ji. Ya ji tsoron da bai taɓa ji a cikin rami ba, domin ya ga rijiyoyi biyar da aka cike a rayuwarsa, kuma ba a taɓa tone ko ɗaya ba.

Kana tsammani yanzu za a zo a ba shi makulli? Ina! Kwamiti ya yi zaman gaggawa ya fito da dabara. Washegari da hantsi Ƙugiya ya ji ƙugin mota, ya leƙo ya ga tankar ruwa ta ja baya har bakin waya, an zura tiyo cikin rijiya, ana kwarara mata ruwa mai kyau.

"Me nake gani haka?"

"Sirkawa muke yi, Kawu," in ji Ciyaman. "In mai kyau ya fi yawa, ai zai rinjayi marar kyau."

"Rijiya kuke ba ruwa? Rijiya?" Ƙugiya ya cire hularsa ya mayar. "Ni dai na ga ta kaina. Shekara hamsin ina fitar da ruwa daga ramin nan, yau na rayu na ga masu ilimi suna mayar da shi."

Tanka biyu suka juye. Ruwan ya dama lakar da ke kwance, ya taso da ita har kusa da baki, warin da a da sai ka matso kake ji yanzu ya shiga har ɗakin tela ya kama yadin mutane. Kwana biyar suka tafi a haka, saura tara.

Da yamma Ciyaman ya yi sallama a ƙofar gidan kawunsa. Inna ta bar shi a tsaye sai da ta gama tankaɗe, sannan ta ce ya shigo. Ya durƙusa ya ajiye makulli a gefen tabarma. Ƙugiya ya shirya masa maganganu tun wata uku, masu zafi, ya jera su tsaf, amma da ya ga furfura a ƙeyarsa sai ya ce kawai, "Gobe ka aro injin jan ruwa, ka tara min maza shida da igiya sabuwa."

"Malam," in ji Inna, "kai dai tsayawa za ka yi a sama kana nuni, ko?"

Ya ɗauki makullin ya sa a aljihu, ita ma ta san amsar.

Kwana biyu inji yana zuƙe ruwan tanka da na rijiya tare. Ƙugiya ya sa an ajiye shi can nesa da baki, ya ce hayaƙinsa in ya sauka rami ba ya fita. Da ƙasa ta bayyana, ya kunna fitila ya zura da igiya don ya gwada iskar ciki. Ba ta kai rabi ba ta mutu. Magini ya ce wataƙila mai ne ya ƙare. Ƙugiya ya ce, "To shiga ka duba mana." Magini ya ja da baya. Aka saro rassa masu ganye aka ɗaure, aka yi ta zura su ana jawowa don iska ta juya, har hannu ya gaji. Sai a zurawa ta huɗu fitilar ta kai ƙasa tana ci.

Ya ɗaura igiya a ƙugu, ya juya baya ya fara sauka. A jikin dutsen akwai ramukan sa ƙafa talatin da biyu, ya san su fiye da yadda ya san haƙoran bakinsa. Ɗaya, biyu, uku. A na tara gwiwarsa ta dama ta ƙage, ta ƙi lanƙwasa ta ƙi miƙewa. Ya tsaya, ya lallashe ta, ya zage ta, ta ƙi. Daga ƙarshe da bakinsa ya ce, "Ku ja ni."

Suka fito da shi suka zaunar a gindin waya. Kunya ta kama shi, ga baƙin ciki, domin ya gane a gaban jama'a abin da Inna ta daɗe da sani: shi da cikin rijiyar nan sun yi sallama. Inna ta zo ta tsuguna tana murza masa gwiwar, ba ta ce "na faɗa maka" ba, abin da ya ƙara sa idonsa ya cika.

"Sai wani ya sauka," in ji shi. "In ba a buɗe idon ba, duk wahalar banza muka yi."

Nan take kowa ya tuna da ciwonsa. Magini bayansa, tela jiri, mai walda ya ce shi likita ya hana shi sanyi. Mai burodi ya tuna ya bar wuta. Ana cikin wannan sai aka ga Ciyaman ya cire hula, ya cire agogo ya miƙa wa tela, ya tuɓe farar rigarsa ya ninke a kan allo. Ya tsaya daga shi sai singileti, tumbi a gaba, fuskarsa duk ta yi zuru-zuru.

"Kai ɗan nan, ko tsani ba ka iya hawa."

"Ni na kulle ta, Kawu. Ka dai riƙa faɗa min."

Ƙugiya ya ɗaura masa igiyar da hannunsa, ya duba ƙullin sau uku. Sannan ya ja jiki ya kwanta rub da ciki a bakin rijiyar yana ƙirga masa. "Hagu. Dama. Kada ka dubi ƙasa. Na goma sha bakwai ya gutsure, tsallake shi. Na ce tsallake! Wai da kunne kake ji ko da tabarau?" Saukar da a da Ƙugiya ke yi kafin a gama gaisawa, Ciyaman sai da ya ɗauki rabin awa, yana salati a kowane mataki.

Aka fara jawo bokitan laka. Bayan laka sai ga yashi, sai ɓaraguzan siminti, sai gwangwanin fenti biyu da buroshi. Ƙugiya ya ɗago kai ya dubi magini. Magini ya sosa ƙeya ya ce, "Baba, ranar bikin buɗewa ce aka ce a share wurin tsaf, ni kuma na ga rami a kusa."

"Allah ya shirye ka," in ji Ƙugiya. Ba shi da ƙarfin da ya wuce haka.

Daga ƙasa muryar Ciyaman ta taso. "Kawu, na kai dutse. Ina idon yake? Ko'ina iri ɗaya ne, siminti ya manne."

Ƙugiya ya buɗe baki zai faɗa, sai ya tsaya. Shi bai taɓa neman idon da gabas ko yamma ba, don a ƙasan rijiya ba ka sanin ina ne ina. Abin da mahaifinsa ya koya masa shi ne ya saki igiya ta kwarin mahaifiyarsa, inda ta sauka nan idon yake. Ya dubi bakin rijiyar, fari sumul kewaye, ba alamar komai.

"Ba ni gudumarka," ya ce wa magini.

"Baba, aikin kwamiti ne fa..."

"Ba shi!" Ciyaman ya kwatsa daga cikin rami.

Aka tare da buhu don kada ɓaraguzai su faɗa wa na ƙasa, Ƙugiya ya shiga ɓamɓare simintin a hankali. Kwari na farko ya fito, miƙaƙƙe ne. Na biyu ma haka. Ya matsa da gwiwa ɗaya yana ja, gumi na zuba, yana ƙunƙuni. A na shida yatsansa ya bi dutsen ya ji ya karkata hagu. Ya ɗan tsaya da hannunsa a wurin, sannan ya ɗaura tsakuwa a siririyar igiya ya saka ta ciki ya sake ta.

"Bi igiyar nan. Inda ta taɓa, ka haƙa kamu ɗaya sama daga gindin rijiyar. Wurin kakarka ne, nan take tsayawa ta ja ruwan da aka yi wa uwarka wanka."

Aka ji ƙarar ƙarfe a kan siminti, aka ji nishi. Inna ta matso ta leƙa. Can sai Ciyaman ya yi wata irin ƙara.

"Kawu! Sanyi! Yana fitowa, wallahi yana fitowa, ya taɓa min idon sawu!"

"To me kake jira, ya kai maka wuya? Hawo!"

Sauran kwanakin ja aka yi ta yi ana zubarwa, safe da yamma, mata da maza, har ruwan ya washe ana ganin gindin bokiti. Duba-gari ta dawo ranar da ta ce, ta cika kwalbarta ta tafi. Kwana ukun da aka yi ana jiran sakamako Ƙugiya ko abincin kirki bai ci ba. Da ta zo ta ce ruwan ya yi, ba za a cike ba, sai ya nemi wuri ya zauna. Ta ƙara da sharuɗɗa: a bar murfi amma mai buɗewa, guga ɗaya kawai, kada ya taɓa ƙasa, kuma a riƙa ɗiba kullum. Kwamiti ya rubuta wannan a matsayin sabon tsari, aka tafa mata. Tela har yana cewa ilimi daban ne. Ƙugiya ya dubi Inna, Inna ta ce, "Malam, haɗiye." Ya haɗiye, amma da ƙyar. Kwaɗon kuwa ita ta karɓe ta sa wa akurkin kajinta.

Washegari ya fito da sandarsa a lokacin da ya saba, yana lissafin ko gwiwar za ta bar shi ya kai guga goma. Tun daga nesa ya ji kukan igiya a kan dutse. Ciyaman ne, ya naɗe hannun riga, ya tsaya a wurin kakarsa yana ja a karkace, bokitan masu burodi jere a gabansa.

"Na goma sha tara ke nan, Kawu," ya ce yana haki. "Talatin ne ko?"

Wani daɗi ya cika wa tsohon ƙirji, irin wanda bai ji ba tun ranar da mahaifinsa ya fara barinsa ya sauka shi kaɗai. Ya buɗe baki zai sa masa albarka. Daidai nan Ciyaman ya juye ruwan, ya saki igiya don ya share gumi, ya dire gugan a gefen ƙafarsa.

"Guga a ƙasa!" Ƙugiya ya daka tsawa har tela ya leƙo. "A ƙasa! Kai wai sau nawa za a faɗa maka?"

Ciyaman, mai shekara hamsin da takwas da jikoki huɗu, ya yi wuf ya ɗauke shi, ya wanke gindin sau biyu, ya rataye a gwafa. Ƙugiya ya zauna a kan dutse ya miƙe ƙafar mai ciwo.

"Saura goma sha ɗaya," ya ce. "Ina kallo."